Jinya da Magana: Abin da Za Ka Tarar a Ɗakin, da Yadda Za Ka Zaɓi Wanda Zai Saurare Ka

Wata 'yar'uwata ta yi kusan shekara tana yawon asibiti. Yau ciwon kai, gobe faɗuwar gaba, jibi ta ce wani abu na mata yawo a jiki kamar kiyashi. An auna jini, an sha maganin maleriya da na taifot har ba adadi, an yi hoton ƙirji, komai lafiya lau. Ranar da wani likita ya ajiye biro ya dube ta ya ce, "Hajiya, yaushe rabonki da barci mai daɗi?" sai kawai ta fashe da kuka. Ya rubuta mata takarda zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Muna shiga mota ta ce da ni, "Wato mahaukaciya ya mai da ni ke nan?" Takardar nan sai da ta yi wata biyu a jaka.

Da ta yarda muka je, abin da muka tarar ɗan ƙaramin ɗaki ne da kujeru biyu da tebur, sai fanka tana ta kuka, da wata mata riƙe da littafi. Babu allura, babu ɗauri. Magana suka yi ta kusan awa guda, aka ce ta dawo mako mai zuwa. Tsoron da ya cinye mata wata biyu na rashin sanin abin da ke bayan ƙofar ne, shi ya sa na ga ya dace a bayyana shi dalla-dalla.

Ba nasiha ba ce

Mu mutane ne masu nasiha. Ka kai kukanka wurin babba, zai ce ka yi haƙuri, ka yawaita addu'a, kowa da irin jarrabawarsa. Gaskiya ya faɗa, kuma sau da yawa hakan ya wadatar. Amma akwai damuwar da ta wuce nan. Mutum ya san ya kamata ya yi haƙuri, shi ma yana so, zuciyar ce ta ƙi.

Jinya da magana aiki ne mai tsari. Kai da wani da ya karanci halayyar ɗan Adam za ku riƙa zama a kan lokaci, galibi sau ɗaya a mako, minti 45 zuwa awa guda, kuna bin diddigin yadda tunaninka da abin da kake ji da abin da kake aikatawa suke ɗaure da juna, sannan ku kwance su ɗaya bayan ɗaya. A Turai ana danganta farkon tsarin da Sigmund Freud na birnin Viyana, a ƙarshen ƙarni na 19. Amma tun kafin shi da kusan shekara dubu, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu a kan baƙin ciki da tsoro da fushi da waswasi, ya ce rai na ciwo kamar yadda jiki ke yi, har ya ba da shawarar mutum ya tanadi tunani mai kyau lokacin da yake lafiya, yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa abin na Turawa ne.

Mataki na farko: a duba jikin tukuna

Kafin ka nemi mai saurarenka, ka ga likita na gama-gari. Ƙarancin jini, matsalar halittar nan ta wuya da in ta kumbura ake kira maƙoƙo, ciwon suga, wasu magunguna da mutum ke sha, duk suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba da rashin barci. Haka shan tiramadol ko kodin, ko daina su farat ɗaya. In an duba babu komai, kuma abin ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum, ya hana ka aiki ko kasuwa ko karatu, ya cire maka sha'awar abin da a da kake so, to lokaci ya yi. Mai jego da ta ga ta kasa jin daɗin jaririnta, kullum kuka, ita ma kada ta tsaya jiran a yi arba'in.

Wani yanayin kuma ba na jiran mako mai zuwa ba ne. Wanda ke tunanin kashe kansa ko cutar da wani, ko yake jin muryoyin da babu mai jin su, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma ɗauke fiya-fiya da magunguna da makami daga inda yake.

Mataki na biyu: wane ne wane

A nan mutane suka fi ruɗewa, don kowa "likita" ake ce masa.

Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne. Ya yi shekara shida a makarantar likitanci, sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa a wannan fanni. Shi ke gano cuta ya rubuta magani, kuma dole ya kasance da rajistar MDCN, hukumar da ke ba likitocin Najeriya lasisi. Sun yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a, shi ya sa ranar ganin likita a asibitin gwamnati za ka ga layi har waje, kowa ya samu 'yan mintoci. Kada ka sa ran doguwar tattaunawa a nan.

Doguwar tattaunawar aikin masanin halayyar ɗan Adam ne na ɓangaren jinya. Ya yi digiri na farko a ilimin halayya, ya yi na biyu a ɓangaren jinya, ya kuma yi horo a asibiti ƙarƙashin kulawar manya. Ba ya rubuta magani. In ka ga ya ɗauko takarda zai rubuta maka ƙwaya alhali shi ba likita ba ne, ka tashi.

Sai nas-nas da suka yi ƙarin karatu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da jami'an walwalar jama'a na asibiti, da masu ba da shawara irin na makarantu. Waɗannan suna da amfani sosai a matsalar aure, rashin wani makusanci, damuwar jarrabawa. Kada a raina su. A birnin Harare na Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata, suna zama a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraren masu damuwa, zama shida ga kowa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da yarensu ma'anarsa "yawan tunani", daidai da yadda mu ma muke faɗa. Abin lura shi ne tsofaffin nan horo aka ba su, kuma akwai masu duba aikinsu. Wannan ne ya raba su da wanda ya wayi gari ya buɗe shafi a Instagram ya kira kansa ƙwararre.

Mataki na uku: ina za a nufa

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato. A Kano akwai na Dawanau. Ga wanda sunan waɗannan wurare kaɗai ke tayar masa da hankali, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin sauran sassa, ka shiga ƙofar da mai ciwon ido da mai karaya ke shiga. Za ka yanki kati, a buɗe maka fayil, ka ga likita, sannan ka buɗe baki ka ce kana son a haɗa ka da masanin halayya. Ka faɗa da kanka, don in ka yi shiru, sau da yawa magani kawai za a ba ka a ce ka dawo bayan wata guda.

Masu zaman kansu sun fi tsada, amma ba layi, kuma kai ke zaɓar mutumin. Akwai kuma masu yi ta waya ko ta bidiyo. Yana aiki in kana da inda za ka keɓe. A gidan da yara ke shiga ɗaki ba sallama, kishiya ko suruka na tsakar gida, ka yi tunanin wannan tun kafin ka biya.

Mataki na huɗu: ka yi masa tambaya kafin ya yi maka

Kunya kan hana mu tambayar mai ilimi takardunsa. Amma mutumin nan za ka buɗe wa abin da ko mahaifiyarka ba ta sani ba. Ka tambaye shi me ya karanta, a ina, a wane asibiti ya yi horo. Ka tambaya ko ya saba da irin matsalarka, domin mai ƙwarewa a shaye-shaye ba lallai ya iya da wanda ya fito daga hannun masu garkuwa ba. Wace hanya yake bi, kuma zama nawa yake hasashe? Nawa ne kuɗin kowane zama, in kuma uzuri ya hana ka zuwa, ya ake yi? Na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ɓata rai ya riga ya ba ka amsa.

Harshe ma abin dubawa ne. Mutum na iya yin aikin ofis da Turanci shekara ashirin, amma ranar da zai faɗi abin da ke cin ransa, Hausa ce za ta fito. "Zuciyata ta yi baƙi", "gabana na faɗuwa", "na rasa abin da ke min daɗi", kowace da nauyinta. In ka samu mai jin Hausa, ka riƙe shi. In sai da tafinta, kada ya zama ɗanka ko ƙaninka. Mace kuma tana da damar cewa mace take so, ba sai ta ba da dalili ba.

Sai batun addini. Ba sai aƙidarku ta zo ɗaya ba, amma dole ya girmama taka. Wanda zai yi murmushin raini don ka ce kana tashi da dare ko kana zuwa wurin malam a yi maka ruƙiya, bai dace da kai ba. Haka shi ma wanda zai mai da zaman ya koma wa'azi, ya ce duk raunin imani ne. Ni dai ban ga inda addu'a da jinya suka yi karo ba, matuƙar babu wanda ya ce ka zubar da maganinka, kuma babu duka ko ɗauri. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da yawansu iyalansu ne suka kai su da niyyar gyara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na a mutunta shi a kuma riƙe sirrinsa.

Zama na farko

Wannan zaman na tambayoyi ne, kada ka sa ran fita da waraka. Me ya kawo ka, tun yaushe, me ya faru a lokacin? Yaya barci, yaya cin abinci? Wa kake zaune da shi? Akwai wanda ya taɓa irin wannan a dangi? Kana shan wani abu? Wataƙila a ba ka wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ke auna yadda ka kasance a mako biyun da suka wuce. Ba jarrabawa ba ce, awo ne, don in an sake cikewa bayan wata guda a ga ko an motsa.

Zai tambaye ka kai tsaye ko ka taɓa tunanin gara ka mutu. Kowa ake yi wa wannan tambayar, kuma yin ta ba ya cusa wa mutum tunanin. Ka faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya kamata kuma tun a zaman farko ya gaya maka iyakar sirri. Abin da ka faɗa ba zai je kunnen mijinki ko mahaifinka ko maigidanka a wurin aiki ba sai da izininka. Inda zai iya karya wannan shi ne in ranka ko ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta nema. In bai kawo zancen ba, kai ka kawo.

Ranar da na raka 'yar'uwata, tare muka shiga. Bayan gaisuwa da 'yan tambayoyi sai matar ta ce da ni, "Malam, in ba damuwa ka ɗan ba mu wuri." Na ji wani iri, don ni na kawo ta, ni na biya kuɗin kati. Daga baya na gane daidai ta yi. Akwai abin da ba za ta iya faɗa a gabana ba, saboda ina cikin waɗanda take jin nauyi. Wannan ba ya nufin a ware dangi. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin nan a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a ƙauyukan kewaye tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana, don ya ga mutumin nahiyar nan ya fi warkewa a cikin nasa. Amfanin ɗan rakiya shi ne ya tuna ranar komawa, ya riƙe yara, ya biya kuɗin mota. Ba nasa ba ne ya tsare mutum a hanya da "to me kika gaya mata?"

Aikin kansa

Hanyar da ka fi yiwuwar haɗuwa da ita ita ce wadda ake taƙaita sunanta da CBT, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya tsara a shekarun 1960. Galibi zama 6 zuwa 20 ne. Ga yadda take.

A ce ɗan kasuwa ne da jarinsa ya karye. Ya gaida maƙwabcin shagonsa da safe, wancan ya amsa sama-sama. Nan take zuciyarsa ta ce, "Ka gani ko, kowa ya raina ka tunda ba ka da shi." Ƙirji ya yi nauyi, ya rufe shago tun kafin azahar, gobe ma ya ƙi fita. Rashin fitar ya ƙara karya cinikin, karyewar ta ƙara tabbatar masa da abin da zuciyar ta faɗa. Mai jinya ba zai ce masa "ka daina wannan tunanin" ba. Zai sa shi ya rubuta abin da ya faru, da abin da ya zo masa a rai, da yadda ya ji, da abin da ya yi. Sannan su zauna kamar alƙali da shaidu. Mece ce hujjar cewa raini ne? Akwai wata fassarar? Shi maƙwabcin ba ya da tasa damuwar? A makon nan wa ya gaishe ka da mutunci, me ya sa ba ka ƙirga shi ba? Daga nan sai aikin gida: gobe ka buɗe shago har la'asar ko da ba ka ji daɗi ba, ka rubuto abin da ya faru.

Aikin gidan nan shi ne rabin jinyar. Awa ɗaya kake yi a ɗakin, sauran awa 167 na makon a hannunka suke. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, ko ya naɗi muryarsa a waya.

Mai tsoro kuma, kamar wadda ta yi hatsari ta kasa sake shiga mota, sannu a hankali ake kusantar da ita. Yau ta tsaya kusa da mota a fake, wani makon ta zauna a ciki ba a tayar ba, sannan a zaga unguwa. Ga waɗanda suka ga tashin hankali, hari ko garkuwa ko fyaɗe, akwai nau'in CBT na musamman da wata hanyar da ake kira EMDR, wadda ake sa mutum ya riƙa motsa idanunsa hagu da dama yayin da yake tuna abin da ya faru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da duka biyun. Kada ka yarda wanda bai koyi ko ɗaya ba ya sa ka tono abin tun a ranar farko.

Ka san kuma wani zaman za ka fito ka fi yadda ka shiga jin nauyi, kamar gyambon da aka wanke. Kwana ɗaya ko biyu ya lafa. In kuma an haɗa maka da magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma likitoci kan so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Mutane da yawa suna yar da shi a mako na farko su ce bai yi ba, ko a wata na biyu su ce sun warke.

Bayan zama uku ko huɗu, ka yi wa kanka hisabi

Masu bincike a wannan fanni sun daɗe da lura cewa kyawun fahimta tsakanin majinyaci da mai jinya na cikin abubuwan da suka fi nuna ko za a dace, kowace hanya aka bi. Don haka ka tambayi kanka: yana saurare na, ko jira yake in yi shiru ya yi lacca? Yana tuna abin da na faɗa wancan makon? Mun yarda a kan inda muka dosa? Zan iya ce masa "ban yarda da wannan ba"? In amsar a'a ce, ka fara gaya masa. Da yawa sukan gyara, kuma faɗar ma wani horo ne ga wanda ya saba haɗiye magana. In bai canza ba, ka nemi wani, ka kuma roƙi a rubuta maka taƙaitaccen bayani don kada ka koma farko.

Akwai kuma abin da ba a yi masa uzuri. Wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin kwana kaza. Wanda ke ba ka labarin wasu majinyatansa har kana iya gane su, don gobe naka labarin zai bayar. Wanda ke amsa waya ana tsakiyar zama. Wanda ya nemi rance ko haɗa kasuwanci da kai. Wanda ya fara kiran dare, ko yabon kyau, ko kai hannu, ko zancen aure. Wannan na ƙarshen ba a tsaya tattauna shi, a daina zuwa, a kai ƙara wurin shugaban sashen, in likita ne kuma har MDCN.

Rabuwa

Jinyar kirki tana da ƙarshe, kuma tare ake shirya shi. Ana fara tazara, daga kowane mako zuwa bayan mako biyu, zuwa wata-wata. A zaman ƙarshe za ku rubuta alamomin da ke nuna abin na neman dawowa, da abin da za ka yi in ka gan su, da wanda za ka kira. Na 'yar'uwata guda uku ne: in ta fara farkawa ƙarfe uku na dare barci ya ƙi komawa, in ta daina ɗaga wayar ƙawayenta, in ta ji kiyashin nan ya dawo. Ta yi zama goma sha ɗaya. Takardar tana cikin jakar da ta taɓa ɓoye takardar likita, tare da katin asibitin, don an gaya mata in ta buƙaci komawa ba sai an buɗe sabon fayil ba.